Sikalof da Danginta: Dabbobin da Ba Su Iya Ƙaura

(Laccar da wani ɗalibin sashen nazarin halittu ya gabatar a zauren taron ɗalibai)



Ranar da aka liƙa sanarwar wannan lacca, wani abokina ya tare ni a kan hanyar ɗakin cin abinci, ya ce, "Malam, duk abubuwan da ke damun ƙasar nan ba ka ga na magana ba sai katantanwar teku? Me ya haɗa Bahaushe da ita?" Tambayar tasa tana bisa hanya, domin daga Kano zuwa Ikko kusan kilomita 1,000 ne a mota, da yawa daga cikinmu kuma ba su taɓa sa teku a ido ba. Saboda haka, kafin in shiga cikin batun, bari in biya shi bashin amsa.

Da farko, kalmar nan kuɗi da ba ta fita daga bakinmu, jam'in wuri ce. Wuri kuwa ɓawon wata dabbar teku ne da ake kamowa a tsibiran Maldib, can cikin tekun Indiya. Lokacin da Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza riyal ɗaya na azurfa a kan wuri 2,500. Na biyu, dutsen da ake haƙowa a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Malbaza a ƙasar Nijar, ana yin siminti da shi, cike yake da ɓawon dabbobin teku da suka daskare, domin masana ilmin duwatsu sun ƙiyasta cewa shekaru miliyan 55 zuwa 60 da suka wuce teku ne ya rufe wannan yanki. Na uku, duk mai kiwon kajin ƙwai ya san garin ɓawon kawa da ake zuba musu cikin abinci don ƙwansu ya yi ƙwari. Na huɗu, tambarin nan mai ruwan ɗorawa da ja na kamfanin mai na Shell, wanda ya tono mai a Oloibiri a 1956, hoton ɓawon dabbar da zan yi magana a kanta ne, kuma tun 1904 kamfanin yake amfani da shi. Ashe ke nan da kuɗinmu, da gininmu, da ƙwanmu, duk akwai hannun wannan dangi a ciki.

Abin da nake fata mu tashi da shi a yau guda ɗaya ne. Waɗannan dabbobi ba su iya ƙaura su bar wurin da ya ɓaci. Duk abin da aka zuba cikin ruwa, cikinsu yake shiga; duk hukuncin da aka yanke a ofis game da ruwa, a kansu yake sauka, da kuma kan talakawan da ke ci daga gare su. Wanda ya san yadda jikinsu yake aiki, zai gane dalilin da ya sa suke ƙarewa, da dalilin da ya sa suke dawowa.

DANGI DA SUNAYE

Masana sun kasa dabbobi gida-gida. Gidan da muke magana a kansa shi ne na dabbobi masu taushin jiki, waɗanda ba su da ƙashi, yawancinsu kuma suna fakewa cikin ɓawo. In aka ɗebe gidan ƙwari da ƙaguwa, babu wanda ya kai shi yawa, gama an ƙidaya masa fiye da iri 70,000 masu rai. Manyan ɗakunansa uku ne. Na farko shi ne na masu ɓawo ɗaya, watau dodon koɗi, da wuri, da 'yan ƙananan katantanwar tafki da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Na biyu shi ne na masu hannuwa a kai, kamar dabbar tekun nan mai hannu takwas wadda ke fesa baƙar tawada idan aka kore ta. Na uku shi ne na masu ɓawo biyu, fiye da iri 9,000, kuma nan ne za mu yada zango.

Mu ma muna da namu masu ɓawo biyun a ruwan daɗi. Akwai ƙumba da ke nutse cikin taɓon kogi, wadda iyayenmu mata ke yin makankari da ɓawonta. Akwai kawa da ke manne da duwatsu a Kogin Kwara da Binuwai, wadda ake cin namanta, a ƙona ɓawonta a sami farar ƙasa. Amma wadda na zaɓa ta zama jagorar dangin a wannan lacca ba ta rayuwa sai a ruwan gishiri, shi ya sa Hausa ba ta raɗa mata suna ba. Turawan Ingila suna ce mata sikalof, ni kuwa zan ari sunan kamar yadda muka ari tebur da fensir. Akwai kimanin iri 300 nata, a warwatse cikin dukkan tekunan duniya, daga bakin gaɓa har zuwa zurfi mai duhu. Siffarta kamar mafici take: faffaɗan ɓawo mai zane-zane da suka taso daga gindi suka bazu zuwa baki, da 'yan kunnuwa biyu a gindin. Babbar sikalof ta ƙasashen Turai takan kai faɗin santimita 15, watau kamar tafin hannun babban mutum.

GININ JIKI

Ku ɗauki misalin akwati da marfinsa. Ɓawo biyu ne, sun haɗu a gindi, a mahaɗin kuma akwai wata jijiya mai kama da roba wadda kullum take tura su su buɗe. A tsakiya akwai tsoka mai ƙarfi wadda ke jawo su su rufe. Ke nan rufewa ce ke bukatar ƙarfi, buɗewa kuwa kyauta ce. Shi ya sa duk wadda ta mutu za ka same ta baki buɗe, shi ya sa kuma masu dafa ƙumbar teku suke zubar da wadda suka ƙwanƙwasa ta ƙi rufewa. Ƙumba tana da irin wannan tsoka guda biyu. Kawar teku da sikalof ɗaya kawai gare su. Wannan farar tsoka mai kama da ƙaramin gangan nama ita ce abin da ake saye da tsada a kasuwannin Turai da Amurka da Asiya.

Masu ɓawo biyu ba su da kai, ba su da haƙori, ba su da ƙwaƙwalwa irin wadda muka sani, sai 'yan ƙulle-ƙullen jijiyoyi. Yawancinsu inda suka sauka tun suna ƙanana nan za su mutu. Kawa takan like ɓawonta da dutse kamar an sa siminti; ƙumbar teku takan ɗaure kanta da wasu zaruruwa da take saƙawa; wasu kuma su binne kansu cikin yashi. Sikalof ce ta fita daban, domin ita tana iyo. Tsokar tata kashi biyu ce: kashi ɗaya mai sauri ne, yana iya rufe ɓawo farat ɗaya, ɗaya kuma mai jimiri ne, yana riƙe shi a rufe na tsawon lokaci ba gajiya. Idan babban maƙiyinta ya matso, watau tauraron teku, wata dabba mai hannu biyar da ke ɓare ɓawo ta cinye abin ciki, sai ta ji ƙanshinsa ta wasu 'yan gashi-gashi da ke gefen bakinta, ta shiga tafa ɓawonta da sauri. Kowane tafi yana feso ruwa ta gefen kunnuwanta, ita kuma ta yi gaba kamar tana gatsar ruwan. Amma wannan gudu gajere ne. Bayan 'yan mitoci ƙarfinta ya ƙare, ta faɗi ƙasa, sai ta daɗe tana hutawa. Tana iya tsere wa tauraron teku, amma ba ta iya tsere wa jirgin masunta ko gurɓataccen ruwa.

IDO ƊARI BIYU

Abin da ya fi ba ni mamaki game da wannan dabba marar kai shi ne idanunta. A jere suke a gefen bakin ɓawo kamar an ɗinka duwatsun ado, suna iya kaiwa 200, kowanne bai fi milimita ɗaya ba. A jikin wata irin sikalof ta gaɓar Amurka shuɗɗa ne shar. Idonmu yana tattara haske ne da wani abu mai kama da gilashin tabarau da ke gaba. A 1965 wani masani ɗan Ingila, Michael Land, ya nuna cewa idon sikalof da madubi yake aiki: haske yana shiga, ya kai ƙarshen ido, ya bugi wani madubi mai lotsawa kamar ƙoƙo, sa'an nan ya dawo ya haɗu ya zama hoto. Haka nan manyan na'urorin hangen taurari suke aiki. A 2017 masu bincike a Cibiyar Weizmann suka duba madubin nan da na'ura mai ƙarfi, suka tarar an shimfiɗa shi da wasu ƙananan lu'ulu'ai masu kusurwa huɗu, jere reras kamar daɓen tayil, hawa 20 zuwa 30. Sinadarin da aka yi su da shi kuwa shi ne wanda ke sa ɓawon kifi ƙyalli.

Me take yi da idanun? Tana ganin inuwar maƙiyi ta rufe bakinta. Har wa yau, a 2008 wasu masana a Jami'ar Duke ta Amurka sun ajiye sikalof a gaban allon kwamfuta, suka nuna mata hoton 'yan ɗigo-ɗigo suna wucewa kamar abinci cikin ruwa. Sai aka ga ta fi buɗe baki idan ɗigon ya yi girman da za ta iya gani, kuma ba ya gudu da yawa. Watau ita ma sai ta leƙa kasuwa kafin ta buɗe shago.

MATATAR RUWA

Dukkan dangin nan hanyar cin abincinsu kusan ɗaya ce. A cikin ɓawo akwai wasu faffaɗan gaɓoɓi masu kama da na numfashin kifi, lulluɓe da gashin da ido ba ya gani. Gashin nan yana kaɗawa dare da rana, yana jawo ruwa ciki. Dabbar ta ɗebi iskar numfashi, ta tace 'yan ƙananan tsirran da ke yawo cikin ruwan ta haɗiye, ta mayar da ruwan waje ya fi yadda ya shigo tsabta. Babbar kawar teku guda ɗaya, idan yanayi ya yi mata daidai, tana iya tace har lita 190 a yini, watau kusan cikin duro guda. A 1988 wani masani mai suna Roger Newell ya lissafa cewa kafin 1870 kawar da ke mashigin tekun Chesapeake na Amurka tana iya tace ruwan mashigin gaba ɗaya cikin kwana 3 zuwa 6, amma 'yar wadda ta rage a zamaninsa, bayan yawan kamu da cututtuka, sai ta yi kusan shekara guda.

Sai dai matata ba ta zaɓe. Abin da ruwa ya kawo, shi take tarawa. A 1988 kimanin mutum 300,000 suka kamu da ciwon hanta mai sa shawara a birnin Shanghai na ƙasar Sin, saboda sun ci wata irin ƙumbar teku da aka kwaso daga ruwan da ƙazantar gari ke kwarara ciki, ba tare da an dafa ta sosai ba. A 1987, a Kanada, fiye da mutum 100 suka kwanta, 3 suka rasu, wasu kuma suka rasa ikon tuna abin da ya faru jim kaɗan, bayan sun ci ƙumbar da ta tara dafin wasu ƙananan tsirran teku. Irin wannan dafi wuta ba ta kashe shi. Saboda haka ƙasashen da ke cinikin waɗannan dabbobi suke auna ruwa da namansu a kai a kai, su rufe wuri da zarar sun ga alama. Farar tsokar sikalof ba ta cika tara dafi kamar kayan cikinta ba, wannan kuma yana cikin dalilan da suka sa a wurare da yawa tsokar kaɗai ake kaiwa kasuwa. Ga wanda zai tambaya, a mazhabar Malikiyya da muke bi dabbobin ruwa halal ne. Abin lura shi ne tsabtar ruwan da suka fito.

Ɓawon kansa da sinadarin alli aka gina shi, irin wanda ke cikin ɓawon ƙwai, dabbar kuma daga ruwa take tsamo shi. Hayaƙin man fetur da gawayi da duniya ke ƙonawa, wani kashi nasa yana narkewa cikin teku ya ƙara masa tsami, ruwa mai tsami kuwa yana wahalar da ginin ɓawo. A 2007 da 2008 'ya'yan kawa sun yi ta mutuwa a wuraren ƙyanƙyasa na jihar Oregon ta Amurka, bincike kuma ya nuna tsamin ruwan ne sanadi.

HAIHUWA DA SHEKARU

A nan ne mabuɗin maganarmu yake, don haka ina roƙon ku ƙara kasa kunne. Sikalof ba ta neman miji, ba ta reno. Idan lokaci ya yi, sai ta saki miliyoyin ƙwai cikin ruwa, na kusa da ita su saki maniyyi, haɗuwarsu kuma ta rage ga igiyar ruwa. A wasu ire-iren akwai mace akwai namiji. A wasu kuwa, kamar babbar ta Turai, dabba ɗaya ce ke ɗauke da duka biyu. Ƙwan da ya dace yakan zama 'yar mitsitsiyar halitta mai yawo cikin ruwa na 'yan makonni, sa'an nan ta nemi abin kamawa, ciyawa ko tsakuwa ko tsohon ɓawo, ta ɗaure kanta da zare har ta yi ƙwari, daga baya ta saki ta kwanta a ƙasa.

Abu uku ke fitowa daga wannan bayani. Idan aka kwashe su har suka yi nesa da juna, ƙwai da maniyyi ba za su haɗu ba, ko da akwai sauran iyaye. Idan aka kama su tun suna ƙanana, an yi asarar manya, waɗanda su ne suka fi zuba ƙwai. Idan kuma aka share ƙasan teku ya zama fili fetal, 'ya'yan ba za su sami abin kamawa ba.

Shekarunsu a rubuce suke a jikin ɓawo, domin girma yana tsayawa lokacin sanyi ya bar zobe, kamar yadda ake gani a kututturen itace. Ƙaramar sikalof mai shuɗin ido ba ta cika wuce shekara 2 ba, manyan kuwa suna iya kaiwa 20. A 2006 an tsamo wata 'yar'uwarsu daga tekun Aisilan, da aka ƙidaya zobbanta aka sami shekara 507. An haife ta ke nan wajen 1499, shekarar da mulkin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya ƙare.

HANNUN ƊAN'ADAM

Yawancin sikalof ta daji da wata irin manjagara ta ƙarfe ake kama ta, mai jakar sarƙa a baya, wadda jirgi ke ja a ƙasan teku. Kayan aiki ne mai kawo riba da sauri, mai kuma yin ɓarna da sauri. Bari in kawo muku labarin wurare uku.

Na farko ƙauyen Sarufutsu ne, a arewacin tsibirin Hokaido na ƙasar Jafan. Masuntansa sun yi ta kwasar sikalof ba ƙaƙƙautawa, har zuwa shekarun 1950 ta ƙare ƙaf, ƙauyen ya zama abin misali wajen talauci. Ana cikin haka, a shekarun 1960, masunta a mashigin Mutsu suka gano wata dabara mai sauƙi: a cusa ganye ko tsohuwar koma cikin buhun albasa mai raga, a rataye cikin teku. 'Ya'yan sikalof sai su shiga ta ramukan su kama, in sun girma kaɗan su kasa fita, kifi kuma bai iya cin su. Da irin wannan iri, a 1971 ƙungiyar masuntan Sarufutsu da hukumar ƙauyen suka zuba dukiya mai yawa suka shuka miliyoyin 'ya'yan sikalof a tekunsu, suka ɗaure hannunsu har 1974 kafin su fara girbi. Suka raba tekun gida huɗu, kowace shekara a girbe gida ɗaya a sake shuka shi, sauran ukun su huta. Ƙauyen da ake yi wa dariya ya wayi gari cikin garuruwan Jafan da mazaunansu suka fi samun kuɗin shiga. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Na biyu, wani tudun ƙarƙashin teku ne da ake kira Georges Bank, gabas da Amurka. A watan Disamba na 1994 gwamnati ta rufe yankuna uku masu faɗin kimanin murabba'in kilomita 17,000, da nufin ceton kifayen da suka kusa ƙarewa. Masunta suka yi kuka ƙwarai. Amma daga 1994 zuwa 1998 nauyin sikalof da ke cikin yankunan da aka rufe ya ninka sau 14. Ganin haka, a 2004 aka kafa tsarin rufe wuri idan an ga ƙanana sun yi yawa, a buɗe shi bayan sun girma, aka kuma faɗaɗa zobban sarƙar zuwa kimanin santimita 10 don ƙanana su zube. Albarkacin sikalof, tashar New Bedford ta yi fiye da shekara 20 a jere tana kan gaba a duk Amurka wajen darajar abin da ake saukewa. Gaskiya ta sa in ƙara da cewa daga 2020 kamun ya ja baya, masana kuma suna ganin ɗumamar ruwa a kudancin yankin tana cikin dalilai. Dokar kamu tana maganin kwaɗayi, amma ba ta sanyaya teku.

Na uku, mashigin Saint-Brieuc a arewa maso yammacin Faransa. Tun 1973 ba mai kamu sai da lasisi. Ana rufe kamu duk lokacin bazara, sa'ad da dabbar ke zuba ƙwai; idan an buɗe kuwa, kwana biyu ne a mako, minti 45 a yini, ga jirgin sama yana shawagi yana duba wanda ya wuce lokaci. Masuntan da kansu suke cikin masu tsara dokar, kowace shekara kuma masana suna auna abin da ke ƙasa kafin a yanke yawan abin da za a ɗiba. Inda ba a daidaita doka ba kuwa, rigima ce: a watan Agusta na 2018 jiragen masuntan Faransa da na Ingila sun yi karo da jifa a mashigin Seine, domin Faransawa dokarsu ta hana su kamu sai Oktoba, alhali baƙin suna ta kwasa a gabansu.

A NAN KUSA DA GIDA

Kada mu ɗauka wannan darasi na masu teku mai sanyi ne kaɗai. A ƙasar Gana, a ƙasan Kogin Volta, akwai wata ƙumba da mata suka daɗe suna nutso suna tsamowa, suna ciyar da gidajensu da ita. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, aka ƙara ta Kpong a 1982, ambaliyar shekara-shekara da ke wanke yashin kogin ta tsaya, ciyayi suka mamaye ruwan, katantanwar tsargiya ta yaɗu, sana'ar ƙumba kuma ta tsuke ta koma ɗan guntun wuri kusa da Ada. Ba mai musun amfanin wutar lantarkin Akosombo. Amma da an sa matan nan cikin lissafi tun a takarda, da an nemi hanyar rage musu asara.

A Gambiya kuwa labarin mai daɗi ne. Mata masu ɓamɓaro kawa daga saiwoyin itatuwan bakin teku sun ga tana ƙanƙancewa, sai suka haɗa kai a 2007 cikin ƙungiyar TRY. A 2012 gwamnati ta ba su ikon kula da kamun kawa a dausayin Tanbi, kusa da Banjul. Su da kansu suka yanke a rufe wata 8 a shekara, a buɗe daga Maris zuwa Yuni, a bar ƙanana, a kuma daina sare saiwa.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934, al'ada ta hana su a Matan Fada sai ranar biki, shi ya sa ake fito da manyan giwan ruwa. A ƙauyuka da yawa Sarkin Ruwa ne ke faɗin ranar da za a faɗa tafki. Kowane manomi kuma ya san komai tsananin yunwar bazara ba a cin iri. Abin da Sarufutsu da Saint-Brieuc suka ƙara a kai shi ne awo, da rubutu, da hukuma mai tsayawa a kan abin da aka yanke.

KAMMALAWA

'Yan'uwana ɗalibai, nan da 'yan shekaru kaɗan wasunmu ne za su zauna a ma'aikatun ruwa, da na gona, da na lafiya, da na masana'antu. Fayil zai zo gabanka na gina madatsa, ko na ba masana'anta izinin zubar da ruwan rini ko na jima cikin kogi, ko na yasar yashi, ko na lasisin jiragen kamun kifi. Ina roƙon kafin ka sa hannu ka yi tambaya uku. Wace halitta ce ke zaune a ƙasan ruwan nan wadda ba ta iya tashi? Su wane ne ke ci daga gare ta, an kuwa ji ta bakinsu? Wa zai riƙa auna ta shekara-shekara, don a san ko tana ƙaruwa ko tana raguwa? Ga 'yan'uwana na sashen kimiyya kuma, ga aiki nan a ƙofar gida: ƙumba da kawar kogunanmu suna jiran mai ƙidaya su, ya auna abin da suka tara a jikinsu, domin abin da ke cikin ƙumba yau, shi ne ke cikin ruwan da ake ɗiba a sha a gari na gaba.

Abokina da ya tare ni a hanya yana zaune a cikinku, ina fata na biya shi bashinsa.  Inda na yi daidai, daga Allah ne. Inda na yi kuskure, malamaina suna nan, sai su gyara mini.